Ƙeyar Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma a dangin Inna wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana so a kira ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa wancan abincinsa na hucewa," alhali ina zaune taku uku daga inda take. Ba ta kallon fuskata. In na shigo gaishe ta sai ta juya mini baya, ta nemi wani aiki ta sa hannu, ni kuma in durƙusa a bayanta in yi gaisuwata, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya tana kallon ƙwarya. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, haka ake yi a ƙauyenmu da rugagen da ke bayan Sandamu. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Ina da saurin fushi, gara in faɗa tun yanzu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne, mutum mai sanyin hali wanda zai wuni ana ja-in-ja a kan farashin sa guda bai ɗaga murya ba. Ban gado shi ba. Bayan rasuwarsa na samu aikin koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura, na yi aure na zauna can, Inna kuma ta ƙi barin ƙauye. Ƙanwata da ke aure a unguwa ɗaya da ita ce ke kula da ita. Duk Asabar nakan hau babur in je, in durƙusa a bayanta, in karɓi "lafiya" ɗina in dawo.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, wa'azi ya cika gari. Kowane shago da kaset ɗinsa, kowane ɗan acaɓa da fatawarsa. Wata rana na ji wani malami yana cewa ɓoye wa ɗa soyayya ba addini ba ne, al'ada ce kawai. Na sayi kaset ɗin har da murnata, na kai ƙauye, na sa a rediyo a tsakar gida na ƙure murya. Inna tana tankaɗe a gindin darbejiya, ko gezau ba ta yi ba. Malam ya yi ta faɗa har batir ya fara sanyi. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yaya, ka yi asarar batir. Tun da aka kawo mata hijabin nan mai kauri, kunnen nata ma ya shiga kulle." Muka yi dariya tare, na ɗauki rediyona na tafi ina cewa a raina taurin kan tsohuwar nan ya wuce misali.

A wannan lokacin ne na lura gaisuwar ma ta canza. Kafin in gama "Inna, ina wuni," ta riga ta ce "lafiya." Wani lokaci ma ban buɗe baki ba take amsawa. Na fassara abin da cewa ta gaji da ni, so take in gama in tashi.

Sai 'yata ta uku ta rasu. Takwarar Inna ce, shekararta huɗu, zazzaɓi na kwana uku ya ɗauke ta. Yarinya ce mai surutu, wadda in na dawo daga makaranta take ƙwace mini alli ta zana mini layi a ƙafa. Inna ta zo ta'aziyya, ta zauna cikin mata, ta yi kwana uku ta koma. Ba ta ce mini komai ba, kuma ban sa ran za ta ce ba a gaban mutane.

Bayan sadakar arba'in abin ya ƙi sakina. Ina shiga aji in ga yara sai in kasa fara darasi. Matata tana fama da nata, ban ga dalilin ɗora mata nawa ba. Wata Asabar da hantsi na isa ƙauye na tarar da Inna ita kaɗai, tana dama fura a ƙofar ɗakinta, ta ba ƙofar gida baya. Na durƙusa inda na saba. Ta ce, "Lafiya." Maimakon in tashi sai na zauna a ƙasa, na fara magana. Na gaya mata ba na iya cin abinci. Na gaya mata ni ne na ce a jira gari ya waye kafin a kai yarinyar asibiti, kuma wannan jiran yana cina. Na ce, "Inna, babu kowa a nan, daga ni sai ke. Ki ce mini wani abu, ko kalma ɗaya ce." Ludayi ya ci gaba da zagaya ƙwarya. Na sake roƙonta, wannan karon da kuka, ni da gemuna. Ta ƙara nono, ta ci gaba da damu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na tashi na kakkaɓe wandona, na fita ban yi sallama ba. A kan babur na yi rantsuwa cewa ba zan ƙara durƙusawa a bayan matar nan ba.

Na cika rantsuwata kusan shekara biyu, kuma na cika ta da wayo irin na ɗan boko. Ban yarda a ce na yanke zumunci ba, ga wa'azin bin iyaye a kowane lungu. Sai na mayar da biyayyar tawa ta zama saƙo. Duk ƙarshen wata in ɗaure kaya in ba direban motar ƙauyenmu: sukari, madarar gwangwani, ganyen shayi, sabulu. Da salla in je, in tsaya daga zaure in aika a ce ina gaisuwa, in juya.

Ƙanwata ta fara aiko mini cewa Inna na ramewa. Dama can siririya ce, irin jikin danginsu, amma yanzu wai zane ba ya zama a ƙugunta. Tana shan ruwa kamar an aiko ta, tana yawan zagayawa, ga kasala. Har ta ce kiyashi na taruwa a makewayi inda ta yi fitsari. Wani abokin aikina ya ce wannan ai alamar ciwon suga ce. Na yi tsaki na ce ciwon suga na alhazan birni ne masu tumbi, waɗanda ba sa taka ƙasa sai a mota. Ina Inna ina ciwon suga, matar da har lokacin take zuwa gona da ƙafarta, wadda tuwon gero da miyar kuka ne abincinta? Na yanke hukunci cewa rashin abinci mai gina jiki ne. Na sa wani ɗan kasuwa da ke bi ta Kongolam ya riƙa kawo mini zuma mai kyau daga tsallaken iyaka, galan guda duk wata biyu, na ce a riƙa ba ta safe da yamma ta yi ƙiba. Kowa ya yaba, aka ce ai zuma waraka ce. Ni kuma na ji daɗin kaina, ga ɗa mai albarka wanda aka wulaƙanta amma bai fasa alheri ba.

Garwashi ne ya tona asirin. Ta taka shi a bakin murhu ba ta ji ba, sai da ƙanwata ta ji ƙauri. Ƙunar ta ƙi warkewa, aka yi ta shafe-shafe, ƙafa ta kumbura ta fara wari. Ranar da aka aiko mini cewa ba ta iya tashi, na ɗauki shatar mota muka kawo ta asibiti a Daura. Ma'aikatan asibitin suka auna jininta suka kalli juna, suka ce mu wuce Katsina.

Likitan da ya karɓe mu a can matashi ne mai yawan tambaya. Ya duba ƙafar, ya rubuta allurai da ƙarin ruwa, sannan ya zagaya bayan gadon yana wanke hannu, ya ce, "Mama, tun yaushe kike jin ƙishirwar nan?" Inna ba ta amsa ba. Ya maimaita. Na ce masa, da ɗan ɗaci a bakina, "Likita, haka take, sai ta ga dama take amsawa." Bai kula ni ba. Ya matso daidai ƙeyarta ya tafa hannu da ƙarfi, har matar gadon kusa ta zabura. Inna ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ya juyo ya ce, "Tun yaushe ta daina ji?"

Ƙanwata ta ce, "Ai tana ji, likita. In dai ka tsaya a gabanta tana ganinka, duk abin da ka faɗa za ta amsa."

Ya ce, "Wannan ba ji ba ne. Bakinku take kallo."

Na dafa ƙarfen gadon. Duk duniya Inna na kallon fuskar mai yi mata magana, ban da mutum ɗaya.

Likitan ya kira mu ofishinsa ya yi ta tambayar dangi. Ya ce a wajen uwa yake so, ba wajen uba ba. Na yi mamaki, don mu in ana maganar gado da jini, gidan uba ake dubawa. Muka fara lissafi. Kakarmu ta wajen uwa ta kurmance kafin ta tsufa, ta rame ta rasu, aka ce iska ce. Kawunmu, ɗan farin nata, haka ya ƙare, ana yi masa tsawa a kunne yana murmushi. Wata innarmu ma haka. Likitan ya ajiye biro ya ce zato yake, don gwajin da zai tabbatar babu shi a kusa, amma alamun sun yi yawa.

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa da ake kira mitokondiriya. Aikinsu kamar na murhu ne, su ke ƙona abincin da mutum ya ci su mayar da shi ƙarfi. Akwai wani sashe a cikin ciki da ke fitar da sinadarin da ke kwashe suga daga jini, kuma ba ya iya aikinsa sai murhunsa na ci sosai. Can cikin kunne ma haka. In murhun ya yi rauni, su ne kan gaba wajen gazawa, suga ya taru a jini, ji ya ragu. Ya ce a wajen yawancin manya, zaman wuri ɗaya da ƙiba da shekaru ne ke raunana murhun, shi ya sa ake ce wa mutane su motsa jiki. Amma akwai gidajen da ake haifar mutum da raunin, ko siriri ne kamar sillen kara, kuma ciwon ba ya fitowa sai an girma. Sannan ya ce waɗannan murahu daga uwa kaɗai ake gadonsu. Uba ba ya ba ɗansa ko ɗaya.

Na tambaye shi zumar fa. Ya ce ba ita ta kawo ciwon ba. Na ce ba abin da na tambaya ba ke nan. Ya ce, "Malam, ba ta taimaka ba."

A barandar asibitin na tsare ƙanwata. Na ce tun yaushe Inna ke kallon baki. Ta ce an daɗe, tun kafin in kawo kaset ɗin nan, sai dai su sun ɗauka tsufa ne da hijabi. Ta ce Inna da kanta ta hana a gaya mini, wai ba a kai wa wancan ƙarar jikinta. Na ce to gaisuwata fa, ta yaya take amsawa? Ta ce, "Inuwarka take gani a ƙasa, Yaya. In ta ga ta durƙusa sai ta ce lafiya."

Na ce, "Ranar da na zo bayan arba'in ɗin yarinyar nan, ta ba ki labari?"

Ta ce, "Ta ba ni. Cewa ta yi wancan ya zo ya zauna a bayanta ya daɗe, bai ce komai ba. Ta ce ta san abin da ke cinka, shi ya sa ba ta tashi ba, ta yi ta dama furar nan har ta tsinke, don ka samu ka zauna kusa da ita. Da ka daina zuwa kuma, ta ce ƙila ganinta na tuna maka takwararta, a ƙyale ka."

Ƙanwata ta share ido da bakin hijabinta ta ƙara da cewa, "Zumar nan kuma ba son ta take ba, ka san ba ta son zaƙi. Amma ko jikokinta ba ta ɗanɗana wa. Cokali biyu da safe, biyu da yamma, yadda ka ce."

Na yi baƙin ciki a rayuwata, na binne uba na binne 'ya, amma ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan yammacin ba. Abu ɗaya ya rage mini, in nemi gafararta tun tana da rai. Likitan ya riga ya gaya mana ciwon ƙafar ya shiga jini kuma ƙodarta ta gaji. Matsalar ita ce ba za ta san me nake faɗa ba sai ta kalli fuskata, abin da ba ta yi ba shekara arba'in da wani abu. Ƙanwata ta ce in faɗa mata ita ta isar. Na ce a'a, saƙo ya ishe ni haka.

Washegari bayan la'asar na shiga ɗakin matan. Inna na kwance ta fuskanci bango. Na ja gadon kaɗan, na shiga tsakaninta da bangon na durƙusa. Tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska. Na janye shi a hankali, ta runtse ido. Na kama hannunta na ɗora a kan bakina na yi magana, don ta ji motsin. Ta fizge hannun, ta ce wa ƙanwata da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, "Ke, me wancan yake yi haka a gaban mutane?" Matan ɗakin suka juyo suna kallonmu. Wata tsohuwa daga can ƙarshe ta ce, "Baiwar Allah, dubi ɗanki mana," ta manta ba a jin ta.

Ban tashi ba. Gwiwoyina suka yi tsami a kan siminti, na ce ko za a kwana a haka ba zan motsa ba, taurin kan ai ba daga ƙasa na tsince shi ba. Can ta buɗe ido. Ba idona ta kalla ba, bakina ta kalla.

Na ce, a hankali, ina buɗe baki kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Me ka yi?"

Na fara daga farko. Na gaya mata ranar furar ba shiru na yi ba, magana na yi. Na maimaita mata duk abin da na faɗa a ranar, jiran wayewar gari da rashin cin abinci da roƙon kalma ɗaya. Wani wurin ta gane, wani wurin ta ce, "Sake." Idonta ma ya fara hazo, sai da na matso har ina jin numfashinta. Da na zo kan fushin da na yi da zumar da na aika, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Kana ta magana, ni ina dama fura?"

Na ce e.

Hawaye ya gangaro mata ta gefen hanci. Ta ce, "Kai za ka yafe mini." Ta mayar da numfashi, sannan ta ce, "Tsakaninka da ƙanwarka na binne biyu. Ɗayan ni ma na ce a jira safe. Ba ya wucewa, amma za ka iya ɗauka. Ka ci abinci."

Kalmar da na roƙa ke nan, ta iso bayan shekara biyu. Na kifa kaina a gefen katifar na yi kuka, ban damu da matan ɗakin ba. Da na ɗago na tarar ba bakina take kallo ba. Fuskata take bi da ido, daga goshi zuwa gemu, a hankali, kamar mai duba zanen da za ta saya.

Ta ce, "Ashe gaban ma ya yi furfura. Ni ƙeyarka na sani. Kullum sai ka juya za ka tafi nake kallonka, har ka fita zaure."

Kwana tara ta ƙara. Kullum ina zuwa in zauna tsakaninta da bango, wani lokaci ta kalle ni, wani lokaci kunyar ta dawo ta ja mayafi. Sunana dai ba ta kira ba har ta rasu, kuma ban nema ba. Muka kai ta ƙauye muka binne ta kusa da uwarta. A ɗakinta na tarar da galan na ƙarshe a bayan tukunyar ruwa, saura kaɗan a gindinsa, an ɗaure bakinsa da tsumma mai tsabta.

Shekara shida bayan haka aka auna ni aka samu suga, ni ma ban taɓa yin tumbi ba. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ina yi wa kaina allura safe da yamma, ina taka ƙafa daga gida har wajen rijiyar Kusugu in dawo, yadda aka umarce ni. An ce 'ya'yana ba za su gada daga gare ni ba, na ƙanwata ne abin dubawa. Ita ma ta fara cewa "me ka ce?" fiye da da, kuma tana da ɗan fari, saurayi mai ladabi, wanda ba ta kallon fuskarsa. Ranar da na gan shi ya durƙusa a bayanta yana gaisuwa, na kama shi da wuyan riga na zagayo da shi gabanta. Ta yi ta faɗa, ta ce na zubar mata da mutunci, ta rufe fuska da hijabi. Na ce masa ya zauna nan, kada ya tashi sai ta buɗe.